Minti Huɗun Kaparal Arzika

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina saɓe da kamara a kafaɗa, kuma ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ranar da muka nuna fim ɗin kufai a gidan matasa na Filinge ba ta taɓa barin raina ba. Tun da kun ce in ba ku labarin aiki, ita zan ba ku. Sai dai ku aje wayoyin nan tukuna, don na san halinku, mutum na magana kuna ta shafar gilashi.

A lokacin ina aiki a Yamai, a sarwis ɗin gwamnati mai shirya finafinan da ake sawa a tele. Soja ba su daɗe da sake karɓar mulki ba. Tsarin aikin kuwa ga yadda yake. Akwai shef, shi ne babban sarwis. A ƙarƙashinsa akwai mai shiryawa, sannan mai kamara, sannan direba. In aiki ƙarami ne, mai kamara shi ke yin komai, ya ɗauka kuma ya haɗa. Ba ka fita gari sai da takardar misiyo, wato izinin tafiya aiki, mai tambarin ofis, in ka isa ka fara kai ta wurin suprefe, wato mai mulkin yankin, ya sa hannu. In ka dawo ka shiga ɗakin montaj, inda ake yanke hoto a jera shi. Daga nan fim ya je gaban kwamitin mutum uku su duba, sai sun yarda ake nuna shi.

Wata rana shef ya kira ni ya miƙo mini wasiƙa. Matasan Filinge ne suka rubuto, wai suna son a taimake su su yi fim a kan gine-ginen garinsu da aka watsar. Ya ce, "Idi, kai ɗan Bonkuku ne, ƙasarku ce. Kwana huɗu na ba ka, kaset uku, kada ka dawo mini da kuka." Na ce to. A raina kuwa murna nake, don na gaji da ɗaukar manya suna yanka ƙyalle a bakin sabuwar rijiya.

Su biyar na tarar, maza huɗu da mace ɗaya, kuma macen ce shugabarsu ko da ba wanda ya naɗa ta. Rakiya sunanta, ta gama kwalej tana jiran a kira ta makarantar malamai. Siririya ce, ga baki, ba ta barin ta kwana. Ta cika littafi guda da bayanin kowane wuri: abin da yake a da, wanda ya yi aiki a ciki, shekarar da aka rufe shi. Kowane bayani kuma da jimla ɗaya take rufe shi, "Yau ba kowa a nan." Saboda batir ɗinmu ba ya jimrewa, tun ranar farko na zaunar da ita a cikin wani aji na ɗauki muryarta ta duka wuraren a zama ɗaya, don in ɗora a kan hoto daga baya.

Kwana biyu muna yawo. Tsohon gidan waya, tsohuwar silima da rufinta ya tafi awaki suka gaje ta, wani masaukin baƙi da jemagu suka mayar nasu. Yaran nan ba sa shiga ta ƙofa ko da a buɗe take, sai ta taga, wai ya fi kyau a hoto. Ni kuwa ina biye da su da kamara mai nauyin ɗan akuya, ina haki ina zaginsu, suna dariya suna cewa Tonton Idi, wato Kawu Idi, ya tsufa. Wallahi na ji daɗinsu.

Rana ta uku muka nufi gidan proje, can bayan gari ta hanyar Abala. Wuri ne da aka gina a zamanin soja na farko, bayan babban fari, don ajiyar iri da garmunan shanu da horar da manoma. Da masu kuɗin suka tafi, aka watsa ma'aikata, aka rufe. A hanya Rakiya ta ce, "Tonton, akwai wani tsoho a bakin ƙofa, ba shi da cikakken hankali. Mu bi ta baya, akwai inda wayar danga ta sassauta."

Muka bi ta baya. Uku sun kutsa, ni na durƙusa ina tura kamara ta ƙarƙashin waya, sai muka ji tsawa.

"Kai! Tsaya nan! Kowa shi zamna ƙasa!"

Wani dogon tsoho ne riƙe da sanda, ya nufo mu yana tafiyar da duk wanda ya san bariki zai gane ta. Ya tasa mu gaba kamar awaki har bakin ƙofa, ya jera mu a gindin bango, ni da furfurata da ta fara fitowa har da ni. Na lalubo takardar misiyo na miƙa masa. Ya kai ta daf da idonsa, ba karatun yake ba, tambarin yake nema. Da ya gan shi, sai ya haɗa ƙafafu ya sara wa takardar.

"Daga Yamai kuke?"

Na ce, "Daga Yamai, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Mi ya sa ba ku biyo ta ƙohwa ba? Shekara goma sha ɗaya nike jiranku."

Sunansa Arzika, tsohon soja, kaparal, wato mai galo biyu a hannun riga. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Sanam. Da ya bar soja aka ɗauke shi gardi, wato mai gadin gidan proje. Ranar da aka rufe, darakta ya ce masa ya tsare wurin har a aiko wanda zai karɓe shi. Daraktan ya shiga mota ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Arzika ya sha zuwa ofishin suprefe, kowane sabo ya ce masa wannan maganar Yamai ce. Ya sa an rubuta wasiƙu, shiru. Sai ya zauna, yana noma ɗan gero a cikin danga yana ci. Na tambaye shi me ya hana shi kama hanyar gida kawai. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ɗana, soja ba shi barin bakin aiki sai an karɓe shi. Wanda ya tashi da kansa, gudu ya yi."

Ya zaga da mu. Jama'a, abin da na gani! Tsakar gida a share tas. Ƙofofi duk da makullansu. Garmuna a jere cikin sito, kowace ya shafe ta da man gyaɗa don kada ta yi tsatsa. A kusurwar gabas akwai wata tsamiya da 'yan bori ke kai wa sadaka, su kaɗai yake bari su shiga, ya ce sun riga gwamnati zuwa wurin.

Da muka gama ya ce, "Abin ga naka, manyan Yamai na ganin abin da ya ɗauka?"

Na ce, "Har shugaban ƙasa na kallon tele, Baba."

Ya ce in dakata masa. Ya shiga ɗaki ya fito da kakinsa, ya koɗe ya yi fari amma a wanke a guge, da hular soja. Ya tsaya ƙyam a gaban sito. Na kafa kamara, Rakiya ta riƙe masa mikro. Har gobe ina iya maimaita abin da ya ce.

"Kaparal Arzika, gardin gidan proje na Hilinge. Ina gaida manyana. An ce in tsare wurin ga har a aiko mai karɓata. Na tsare. Ko ƙusa ba ta ɓace ba. Amma idona ya hwara mutuwa, daga nan ban ganin bakin danga. Ina roƙon a aiko mutum shi duba kaya shi karɓe ni, in tahi gida in mutu cikin dangina. Ba kuɗɗi nike roƙo ba. Rahoto ya ƙare."

Ya sara. Na leƙa ta gefen kamara na ga hawaye na zuba a fuskar Rakiya. Da rahoton da zagayen sito, minti huɗu ne cif. Ya kama hannuna ya ce, "Ka kai musu." Na ce, "Na ɗauki alkawari, Baba." Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini. Da za mu rabu Rakiya ta ce in cire muryarta ta gidan proje, tun da yanzu ga mai wurin ya yi magana da kansa. Na ce ai wannan ba sai an faɗa ba.

Na koma Yamai. Shef ya tare ni a baranda ya ce, "Me ka kawo mana daga ƙasarku?" Na ba shi labari ina zumuɗi. Ya sosa gemu ya ce, "Tsohon soja cikin kaki, yana cewa an manta da shi. Hm. Ka dai san lokacin da muke ciki." Ya wuce ofishinsa.

Ku saurara da kyau. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce in yanke ba. Amma watanni kaɗan kafin nan an jefa wani abokin aikinmu can gabas mai nisa saboda ya nuno rijiyar da aka buɗe da biki ba ruwa a ciki. Ni kuma matata ta haihu, muna cikin gidan haya, yara biyu sun shiga lakwal, wato makarantar boko. Na shiga ɗakin montaj na kalli tsohon nan sau uku. A na huɗu na sa hannu na fitar da shi. Na bar tsakar gida, na bar ƙofofi, na bar tsamiya. Da na ga hoton na tafiya ba magana, sai na ɗauko muryar Rakiya ta ranar farko na ɗora a kai. Na ce wa kaina zan ajiye rahoton, in ƙura ta lafa in kai shi inda ya dace.

Kwamiti ya zauna. Ɗaya gyangyaɗi yake, ɗaya na duba jarida. Da aka zo gidan proje, shugabansu, wani dattijo mai sauƙin kai, ya ce, "Kai, wurin nan fa tsaf yake. Wa ke share shi?" Allah ya buɗe mini ƙofar faɗin gaskiya har ƙasa. Na yi dariyar yaƙe na ce, "Iska ce, ranka ya daɗe." Suka yi dariya, suka sa hannu.

Al'adar sarwis ce, fim in an yi shi da mutanen gari, a fara nuna musu kafin ya hau tele. Aka sa ranar Lahadi, ranar kasuwa, bayan la'asar. Muka kai akwatin tele da injin wuta gidan matasa, aka toshe tagogi da tabarmi. Ɗaki ya cika maƙil. Suprefe, wani kapitan matashi, yana kujerar gaba. Ni duk tsammanina tsohon ba zai zo ba, tun da ba ya barin ƙofarsa. Ban san Rakiya ta je da kanta ta gaya masa ba, har ta sa ƙanen babanta ya zauna masa a bakin ƙofa.

Ina haɗa waya na ɗaga kai na gan shi. Kaki, hula, sanda a hammata. Ya sara wa kapitan, kapitan ya ɗaga masa kai. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya ce ba ya zama inda babbansa yake. Ya tsaya a baya, ya karkato kunne wajen akwatin, don idon ba zai kai ba. Na so wutar ta ɗauke, na so injin ya kama da wuta, ba abin da ya faru.

Fim ya tafi daidai. Mutane na ihu in sun ga ɗansu na kutsawa ta taga. Aka zo gidan proje. Ga tsakar gida, ga ƙofofi, ga tsamiya. Sai muryar Rakiya ta fito tangaram ta ce, "Yau ba kowa a nan."

Aka yi tafi. Kapitan ya tashi ya yaba wa matasa, ya fita. Ban iya duban bayan ɗaki ba.

Rakiya ce ta fara cim mini, ina naɗe waya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tonton Idi, da muryata ka yi ƙaryar. A gabansa." Ta juya ta tafi, tun daga ranar ba ta sake gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Shi kuwa a waje ya jira ni, a gindin bango, har jama'a suka ragu.

"Ɗana, ko kunnena ne? Ban ji rahoton ba."

Na ce, "Babu shi a ciki, Baba."

Ya ce, "Umurni anka ba ka?"

Tambayar soja ce, kuma da ita ya miƙo mini mafita. Na ga in na ce e, zai yafe mini nan take, don ya san mene ne umurni. In na ce a'a, sai in tsaya a gabansa a matsayin matsoraci. Na ce, "Umurni ne, Baba. Daga sama."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To sun gani ke nan. Sun gani, sunka ce a hidda ni." Ya dafa kafaɗata. "Ba laihinka ba ne, ɗana. Kai ma bawan aiki ne." Ya gyara hularsa ya kama hanya, yana taɓa ƙasa da sanda.

Washegari ina isa Yamai na ruga sito in ɗauko kaset ɗin asali. Ga wata doka da ku 'yan zamani ba ku sani ba. A lokacin kaset tsada gare shi, ba a ajiye shi. Da zarar kwamiti ya sa hannu a fim, kaset ɗin da aka ɗauko hoton da su sai su koma sito, a sake ɗaukar wani abu a kansu. Na san dokar sarai, ni ne ma nake tuna wa sababbi ita, amma tsoro ya sa na kasa zuwa in ce a ware mini wannan, kada a tambaye ni dalili. Mai sito ya duba ya ce, "Naka na Filinge? Ai an fita da su wurin kokawa tun makon jiya." Na sa aka kawo, na kunna. Ƙarti biyu ne ke ta turza ƙasa a inda Kaparal Arzika ya tsaya.

Ya kamata in koma a makon in gaya masa gaskiya. Ban koma ba. Sai da damina ta wuce aka ba ni misiyo zuwa Abala, na ce wa direba ya tsaya a gidan proje. Ban gane wurin ba. Ba kwano ko ɗaya a sama, ba ƙofa, ba taga, garmuna ko alamarsu. Wayar dangar ma an naɗe. Wani mai kiwo ya ce tsohon ya tafi tun washegarin fim, ya ja ƙofa ya ɗaure da igiya, ya hau motar kasuwa. Ba a yi sati uku ba aka fara kwasa.

Na roƙi direba muka ratse ta Sanam. Da tambaya muka sami ƙauyen. Yana zaune a rumfa yana tufkar igiya, idon ya tafi gaba ɗaya. Na yi sallama, ya gane muryata tun kafin in faɗi suna, ya yi murna, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Na zauna na gaya masa komai, ban rage ba.

Ya aje igiyar. "Wato Yamai ba su gani ba?"

"Ba su gani ba, Baba."

"Ba wanda ya ce a hidda ni?"

"Ba kowa. Ni ne. Tsoro na ji."

"Kayan hwa?"

Na so in sake yin ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "An kwashe su duka."

Kaji na ta tono a gabanmu. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, "Ashe gudu na yi. Da ka hwaɗa mini ran nan, ɗana, da ina can. Da ko ƙusa ba ta ɓace ba."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ɗiyarsa ya kira ya ce ta dama wa baƙo fura, ya zo daga nesa. Na sha ina kuka, ƙato da ni, direba na kallo. Har yau ban sani ba ko gaskiyar da na kai masa don shi na kai ta, ko don in sauke nawa kayan a kansa.

Abin da na koya shi ne wannan, kuma ku riƙe shi. A sana'armu yawancin abin da ake yankewa ba babba ne ke cewa a yanke ba. Mu ne muke riga shi, mu yanke, sannan mu laƙa masa. Na yi aiki a ƙarƙashin soja, na yi a ƙarƙashin farar hula, halin bai canza ba. Kuma duk wanda ya gyara rigarsa ya tsaya a gaban kamararka, amana ya ba ka, ba hoto ba. In ba za ka iya kai ta ba, ka faɗa masa tun yana tsaye. In kuwa ka ci ta, ka ce kai ka ci, kada ka ɓuya a bayan wani.

Da bazara ta zagayo aka aiko mini ya rasu. Na je gaisuwa. Ɗiyar ta raka ni bakin mota, na tambaye ta ko ya bar wata magana. Ta ce bai bar komai ba, sai dai tun ranar da na zo ya hana kowa a gidan ya ƙara kiransa kaparal.